Jaririn Harabar Kotu

A garinmu Orlund, duk Litinin ta farko a watan Nuwamba, magatakardar gunduma takan fito da wani tsohon gwangwanin kofi, ta zuba takardun sunaye a ciki, ta girgiza, a ciri ƙuri'a. An yanka filin da ke gaban kotu gida shida, kuma duk wanda sunansa ya fito yana da ikon kafa abin da ya ga dama a rabonsa har a gama bikin Kirsimeti. Da can ba mu san wannan gwangwani ba. Coci ce kaɗai take kafa bukkar haihuwar Yesu, da Maryamu da Yusufu da tumaki na katako, da jariri kwance a komin dabbobi, kowa ya wuce ya ce madalla. Merle Haugen ne ya jawo mana gwangwanin. Shi ya miƙe a taron majalisa ya ce fili na jama'a ne, ko a ba kowa ko a hana kowa. Tun daga ranar sunansa ya koma Merle Ba-Allah, har yara da shi suke kiransa.

Bana kuwa ƙuri'a ta yi tsokana, ta ajiye shi daf da bukkar, taku uku tsakani. Ya kafa farin allonsa mai baƙin rubutu: "Babu mai kallonmu daga sama. Mu kula da junanmu."

Merle kafinta ne, shekararsa saba'in da huɗu, dogo, mai taurin kai. Mutum ne da in ka ce masa gobe za a yi sanyi sai ya tambaye ka hujja. An fasa masa gilashin mota, an tura masa wasiƙu marasa suna, an daina ba shi aiki a rabin gidajen garin, ko gezau bai yi ba. Mun ɗauka an cire masa jijiyar tsoro ne tun haihuwa. Ashe akwai abin da yake tsoro, kuma a cikin gidansa yake.

Matarsa Doreen ta yi shekara talatin tana kaɗa molon coci. Shi yakan kai ta a mota ranar Lahadi ya zauna a waje yana karanta jarida, ita kuma ta shiga ta yi masa addu'a, kuma a haka suka shekara hamsin da ɗaya ba wanda ya ji kansu. Shekara uku ke nan da ciwon mantuwa ya kama ta. Ta manta molo, ta manta sunayen maƙwabta, ta manta fuskar 'yarsu ɗaya tilo, Gwen. A watan Satumba ta buɗe ƙofa ta fice, sai bakin layin dogo aka tsinto ta. A ranar ne Gwen ta tsaya a tsakiyar kicin da kayan aikinta na jinya, ta ja wa mahaifinta kunne.

"Baba, wannan ne na ƙarshe. Takardar da Mama ta sa wa hannu tun tana da hankalinta ni ta ba ikon yanke shawara. In ta sake fita ita kaɗai, ko bakin titi ne, zan kai ta gidan kula da tsofaffi na Brandvold. Na riga na yi magana da su."

Merle ya je ya ga gidan. Mil sittin ne daga Orlund, shi kuwa idanunsa sun daina yarda da babbar hanya. Ya ga ƙofofi masu lambar sirri, ya ga tsofaffi jere gaban talabijin bakinsu a sake. Ya dawo ya rataya ƙararrawa a kowace ƙofa ta gidansa. Tun daga nan ko wanka zai yi, kunnensa yana kan ƙararrawar.

Ranar Alhamis, saura kwana huɗu Kirsimeti, gari ya wayi da irin sanyin da ke daskarar da gashin hanci. Merle ya leƙa harabar kotu da safe ya tarar an kwara wa allonsa jan fenti, irin wanda ake shafa wa rumbunan gona. Ya tumɓuko shi ya jefa a bayan mota ya kawo gida. Bayan abincin rana Doreen ta yi barci a kujerarta mai lilo, barcin da takan yi awa biyu cur. Ya ce a ransa minti goma kawai, ya shiga gareji, ya kunna injin goge katako.

Fushi ɓarawon lokaci ne, injin kuma yana da ƙarar da ko ƙararrawar coci ba za ka ji ba, balle ta ƙofa. Da ya kashe shi ya ɗaga kai, agogon bango ya nuna uku saura kwata.

Yana buɗe ƙofar kicin iska mai sanyi ta mare shi. Ƙofar gaba a buɗe take, dusar ƙanƙara ta shigo ta narke a kan dabe. Gabansa ya yanke ya faɗi. Layin dogo ne ya fara faɗo masa, sai tafkin da bai gama daskarewa ba.

Sai ya ji waƙa daga falo, a hankali, irin ta lallashin yaro.

Tana zaune a kujerarta, ta rufa bargo daga ƙugu zuwa ƙasa, kumatunta sun yi jawur, gashinta ya jiƙe. Ba ta da kwat, 'yar rigar saƙa ce kawai a jikinta. A ƙirjinta ta rungume wani abu da ta naɗe da shuɗin mayafinta.

"Merle, rufe ƙofar mana, iska na shigowa," in ji ta.

Tun Satumba ba ta ambaci sunansa ba. Kullum "bawan Allah" take ce masa, ko ta tambaye shi yaushe mijinta zai dawo. Ya je ya rufe ƙofar, ya dawo yana jan ƙafa.

"Dorrie, ina kika je?"

"Ka ga abin da suka yi? Sun bar Gwen a waje. A cikin ciyawa, ba ko riga. Mutane tsaye a kanta ba wanda ya ɗauke ta." Ta janye mayafin kaɗan. "Taɓa ka ji. Jikinta ƙanƙara."

Fuskar katako ce, mai jan kumatu da shuɗin ido, hannuwa biyu a buɗe. Jaririn bukkar haihuwa. Ta yi tafiyar layi takwas zuwa kotu ta dawo, da rana tsaka, kuma mu da muke alfaharin sanin motsin kowa a garin nan ba wanda ya leƙo taga ya gan ta. Sanyi ya kora mu bakin murhu.

Merle ya san jaririn nan fiye da fasto. Sau biyu 'yan makaranta suna sace shi don wasa, saboda haka bana kwamitin coci ya sayo 'yar na'urar bin sawu, wadda ke nuna inda abu yake a taswirar waya. Gwen ce sakatariyar kwamitin, kuma ita ta kawo wa mahaifinta aikin don ba wani kafinta da ta yarda da hannunsa. Shi ya huda bayan jaririn, ya cusa na'urar, ya toshe da katako, ya liƙe da gam mafi ƙarfi da yake da shi, yana yi yana tsokanarta cewa ashe har Yesu yana bukatar mai gadi. Aiki ne mai kyau. Ko shi da ya yi ba zai iya ciro ta ba sai ya tsaga katakon.

Wayar bango ta yi ƙara. Ya zabura kamar an tsikare shi da allura.

"Baba, kana gida?" Muryar Gwen ce.

"Ina kuma zan je?"

"Yanzu na tashi daga aiki na ɗauko wayata. Arlo Brekke da Kip ɗan sanda suna nan bakin asibiti tun ɗazu suna jirana, wai komin jaririn ba kowa a ciki. Na buɗe taswirar a gabansu. Baba, ɗigon a kan gidanka yake."

Yana jin lilon kujera daga falo.

"Ka ce min na'urar ce ta lalace. Don Allah ka ce haka." Sai ta ɗan tsaya, muryarta ta canza. "Mama fa? Tana ina?"

Wannan ita ce tambayar da yake gudu tun Satumba. Ya ga ƙofar nan mai lambar sirri a idonsa, ya ga Doreen a bayanta tana tambayar baƙi yaushe mijinta zai dawo.

"Barci take," ya ce. "Ni na ɗauko shi. Sun ɓata min allo, na ɗauke musu jariri. Ku zo ku karɓa."

Daga asibiti zuwa gidansa minti goma sha biyu ne, in hanya da santsi sha biyar.

Ya durƙusa gaban kujerar. "Dorrie, kawo ta in kai ta kusa da murhu ta ji ɗumi."

Ta ƙara ƙanƙame ta. "Yanzu na ba ta madara. Ba ta yi gyatsa ba."

"Ni zan sa ta ta yi. Kin manta ni ne gwanin wannan?"

Ta dube shi, duba na sani, wanda ya yi wata uku yana nema bai samu ba. Ta yi murmushi. "Kai dai cika baki. To riƙe mata kai da kyau. Kuma ka dawo min da ita yanzu."

"Yanzun nan."

Ya karɓa da hannu biyu, ya tallafe kan katakon kamar yadda ta ce. A rayuwarsa bai taɓa yi mata ƙarya ba, shi da yake cewa gaskiya ce kaɗai addininsa. Ya kunna talabijin ya ƙure murya. Ya warware mayafin ya cusa a bayan kujera. Ya goge ruwan dabe da tawul. Da ya leƙa waje sai ya hangi sawunta, ƙanana, sun karkace daga titi har bakin ƙofa. Ya ajiye jaririn, ya ɗauki shebur ya kwashe dusar da sauri har ƙirjinsa yana zafi, ya tattaka sauran da manyan takalmansa. Sannan ya yi abin da ya rantse ba zai taɓa yi ba: ya murza makulli a ƙofar gaba, ya murza a ta kicin, ya kulle matarsa a ciki.

A gareji ya ɗora jaririn kan benci, ƙarƙashin fitila. Nan ya ga madara ta bushe a leɓen katakon ta gangaro wuya, ga ƙanshin man fure da Doreen take shafawa yana tashi daga jikinsa. Gwen ko da ido rufe za ta gane ƙanshin nan. Ya wawuri tsumman da ke kusa ya goge fuskar da ƙarfi.

Tsumman da ya wanke allo da shi ɗazu ne, jiƙe da man cire fenti. Kafin ya ankara kumatu ɗaya ya tafi, ido ɗaya ya narke, jan fentin rumbu ya shafe daga goshi zuwa haɓa. Ya tsaya da tsumman a hannu. Fentin wani tsohon Bajamushe ne da ya mutu tun kafin a haifi Gwen, kusan shekara tamanin ba wanda ya taɓa fentin. A daidai lokacin ya ji ƙarar tayoyi a kan ƙanƙara.

Mota uku ya zata za su zo, bakwai suka tsaya. Labari a Orlund ba ya bukatar na'ura. Merle ya ɗaga ƙofar gareji da kansa don kada kowa ya nufi ƙofar gida. Kip Tollefson ne a gaba, ɗan sandan gunduma, wanda Merle ya haɗa wa kabad ɗin kicin lokacin aurensa. Sai Arlo Brekke, shugaban kwamitin, dillalin taraktoci, ya ɗaga waya yana ɗaukar hoto. Gwen tana bayansu da kayan aiki a ƙarƙashin kwat. Sauran suka yi cirko-cirko a bakin hanya, tururi na fita daga bakunansu.

"Barka da yamma, Mista Haugen," in ji Kip, ya cire safar hannu. "Wallahi ban so zuwa ba."

"Ka ce ba mai kallo daga sama, Ba-Allah," Arlo ya ɗaga murya don na baya su ji. "To ga tauraron ɗan'adam ya gan ka!"

Aka yi dariya. Dariyar ta mutu da Merle ya matsa gefe, fitila ta haska abin da ke kan benci.

Wata mata ta yi salati irin namu ta toshe baki. Wani daga baya ya ƙunduma ashar. Mutane suka fara matsowa, dusa na ƙara ƙarƙashin takalmansu, har sai da Kip ya juya ya buɗe hannuwa ya tare su. Merle ya ga fuskokin mutanen da ya yi wa gadaje da akwatunan gawar iyayensu, bai gane ko ɗaya ba. Ya ga jan fenti a bakin hannun rigar Arlo, wanda a wata rana daban da sai ya yi masa tsirara a gaban jama'a. Yau ko kallo na biyu bai yi masa ba. Kunnensa duk yana kan ƙofar kicin da ke bayansa.

Gwen ta ƙaraso bencin. Ba ta taɓa jaririn ba. Ta dubi wayarta, ta dubi mahaifinta.

"Baba, taswirar ta nuna an bar kotu ƙarfe biyu saura minti biyar. Ba a iso nan ba sai biyu da rabi da 'yan mintuna. Layi takwas ne fa."

"Da ƙafa na je. Tsoho ne ni."

"Ga motarka nan."

"Ɓarawo yana zuwa sata da motar da kowa ya sani?"

"Kuma ka zagaya ta bayan makarantar firamare. Ka tsaya a bakin ƙofarta minti shida." Ta ɗago a hankali. "Me ya kai ka makaranta?"

Hanyar da Doreen take raka ta makaranta ce, shekara arba'in da suka wuce. Ya ga tunanin yana tasowa a idon 'yarsa, saura kaɗan ya iso. Sai aka buga ƙofar kicin daga ciki. Sau ɗaya, sannan sau biyu, bugun tafin hannu marar ƙarfi.

"Mene ne wannan?" in ji Kip.

"Injin wanki ne, ƙafarsa ɗaya ta karye," Merle ya ce da ƙarfi. Gumi ya keto masa a cikin wannan sanyi.

Gwen ta juya ta nufi ƙofar. "Bari in duba Mama."

Ya sha gabanta. Ya san hanya ɗaya ce ta rage, kuma ya san inda zai soka, don shi ya raine ta.

"Ba za ki shigar min gida da 'yan rakiyarki ba. Ɗauki gunkinki ki tafi. Shekara arba'in ina kallonki kina durƙusa wa katakon da ni nake toshe wa rami, ina jin kunya a raina ina yin shiru. Na ɗauka karatu zai wayar miki da kai. Ashe asarar kuɗin makaranta na yi."

Har Arlo sai da ya sauke wayarsa.

Gwen ta tsaya kamar an watsa mata ruwan ƙanƙara. "Tun ina aji uku nake dambe da yara saboda kai," ta ce, a hankali. "Duk wanda ya ce Ba-Allah sai na fasa masa baki. A kwamitin nan ni kaɗai na ce a bar maka allonka." Ta cire kwat ɗinta, ta naɗe jaririn a ciki, ta rungume shi. Yadda ta tallafe kan, sak uwarta. Ta ratsa mutane ta shiga mota ba ta waiwayo ba.

Kip ya rubuta takardar sammaci a kan bencin, ya ce a bayyana gaban alƙali ranar tara ga Janairu, sata da ɓarnar kayan jama'a. Arlo ya tuna masa, da murna a fuskarsa, cewa dokar gwangwani ta ce duk wanda ya taɓa kayan wani an cire sunansa har abada, dokar da Merle da kansa ya nace a rubuta. Wani ya tofa yawu a bakin gareji. Wani ya ce a dai yi hattara, gidajen katako ba su da wuyar kamawa da wuta, Kip ya daka masa tsawa. Ɗaya bayan ɗaya motocin suka tashi.

Merle ya sauke ƙofar gareji ya jingina da ita. Sunansa ya tafi, allonsa ya tafi, 'yarsa ta tafi. Amma Doreen tana nan. Ya yi nasara, kuma don kunya ba zan ɓoye ba, har wata 'yar dariya ta kuɓuce masa.

Ya buɗe ƙofar kicin. Tana zaune a ƙasa a bayanta, ta jingina da firiji, bargon ya naɗe mata ƙafafu. Da rarrafe ta zo, ga alamar jan bargon a kan dabe.

"Bawan Allah," ta ce, "wani ya karɓi 'yata."

"Tashi, Dorrie, dabe da sanyi."

Ya kama ta zai ɗaga, ƙafafun suka ƙi tsayawa. Ya ɗauke ta cak ya mayar kan kujera, ya kashe talabijin, ya janye bargon don ya gyara mata shi.

Silifa ɗaya ce a ƙafarta ta dama, irin ta cikin ɗaki, jiƙe sharkaf. Ƙafar hagu ba komai sai safa, ta yage a tafi. Ya zare safar a hankali. Yatsun sun yi fari fat, sun ƙandare kamar kyandir, farin ya haura har tsakiyar ƙafa. Ya danna babban yatsan da farcensa. Ba ta ko motsa ba, idonta yana kan ƙofa.

Duk wanda ya girma a ƙasar nan ya san wannan farin na naman da sanyi ya daskarar, kuma ya san ana ƙirga shi da mintuna ne. Merle ya dubi agogo. Huɗu saura minti goma. Fiye da awa guda ke nan tana zaune da ƙafar nan a ƙarƙashin bargo. Ya goge dabe, ya kwashe sawunta da shebur, ya tattake sauran, ya tuna da madara, ya tuna da ƙanshin mai. Ƙafar da ta yi sawun ce kaɗai bai duba ba. Kuma ma'aikaciyar jinya ta tsaya taku biyu daga ƙofar nan tana cewa bari ta duba, shi ya kore ta.

Tsoron da ya ji a gareji wasa ne. Wannan ya shige shi har ƙashi, safar ta kuɓuce daga hannunsa. Ya tuna dare uku da suka wuce ya farka ya same ta tana laluben makullin ƙofar baya, bai gaya wa kowa ba. Ya tuna tukunyar da ta ɗora a wuta ba ruwa, ita ma bai faɗa ba. Yau ta dawo don tana ɗauke da abin da take son kawowa gida. Gobe ba lallai ta sami abin ɗauka ba.

Ya miƙe ya je ga wayar bango. Sau biyu yana kuskuren lamba. Ta yi ta ƙara har ya fidda rai, sannan aka ɗauka.

"Gwen. Ba ni na ɗauko shi ba." Ya waiwaya ya dubi Doreen. "Mamanki ce. Ta fita ina gareji, ban ji ƙararrawa ba. Ƙafarta ta hagu ta daskare, yatsun sun yi fari. Abin da na faɗa miki ɗazu..."

"Ina tsaye gaban komin," ta katse shi. Kuka take, yana ji. "Silifarta tana nan cikin ciyawa, Baba. Yanzu na tsince ta." Ta ja numfashi, muryar aiki ta dawo mata. "Kada ka murza ƙafar. Kada ka kai ta kusa da murhu. Ka naɗe ta da busasshen tawul, sako-sako. Zan kira motar asibiti, amma zan riga su isowa."

"To."

"Baba, ka san daga asibiti ba gida za ta dawo ba."

Ya dubi ƙararrawar da ke rataye a ƙofa. "Na sani," ya ce. "Zan haɗa mata kaya."

Ya naɗe ƙafar yadda aka ce. Ya ciro shuɗin mayafin daga bayan kujera ya yafa mata a kafaɗa, har yanzu da ɗigon madara a jikinsa. Ya sauko da ƙaramin akwatin da suka yi tafiyar amarci da shi, ya sa rigunan barci biyu, da man furenta, da littafin waƙoƙin cocin da ta daina iya karantawa. Ya ajiye akwatin a bakin ƙofa, ya murza makullin ya buɗe, ya dawo ya zauna a ƙasa kusa da kujerarta ya riƙe mata hannu.

Ta sunkuyo ta ƙura masa ido, ta daɗe.

"Merle," ta ce, "ina Gwen? Ka ce yanzu za ka dawo min da ita."

Daga nesa ya ji mota ta karyo kwanar layinsu da gudu.

"Ga ta nan zuwa, Dorrie," ya ce.